Katin memori: ƙaramin abu mai hana ɗaliban injiniya barci a Samaru

Ɗalibin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru zai iya shafe makonni yana haɗa na'urar auna danshin ƙasa ko zafin iska a kan allon Arduino, komai na tafiya daidai. Sai ranar da ya sayo katin memori a shagon kayan waya na Sabon Gari ya zura, na'urar ta yi kamar ba ta san da shi ba.

Sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau. A waya ko kwamfuta akwai manhajar da ake kira direba, wadda ke yi wa kati da na'ura tafinta. A ƙaramin allo kuwa, ɗalibi ne zai nemo ta ko ya rubuta da hannunsa.

Katin SD, wanda SanDisk da Panasonic da Toshiba suka ƙirƙiro a 1999, yana da tsarin gaisuwa da ba ya yarda a tsallake. Ta hanyar SPI mai wayoyi huɗu, sai an fara aika masa bugun agogo aƙalla 74, a saurin da bai wuce kilohaz 400 ba, sannan umarnin CMD0, da CMD8, da ACMD41. Aka yi gaggawa, sai ya yi gum. Ga batun wuta: katin na aiki da bolt 3.3, Arduino Uno kuma 5 yake bayarwa, don haka haɗa su kai tsaye na iya kashe katin.

Girma ma tarko ne. Katin da ya haura gigabait 32 yana zuwa da tsarin exFAT, wanda ɗakin manhajar SD na Arduino bai iya karantawa. Mai shago zai yaba babba, amma ga wannan aiki na gigabait 8 ya fi. Akwai kuma na jabu, masu nuna girman da ba su da shi. Manhajar H2testw na tona asirinsu kafin a dogara da su.

Abin da ya fi ciwo shi ne ɗaukewar wuta. Katin na karɓar bayanai ne a dunƙule, bait 512 a lokaci guda, wato rubu'in duk ƙwaƙwalwar aiki ta Uno. Idan batir ya mutu kafin a rufe fayil, abin da aka tara tun ajiyar ƙarshe ya tafi, wani lokacin har fayil ɗin ya lalace, ga ranar kare furojet ta matso. Shi ya sa masu gogewa ke sa na'urar ta riƙa rufe fayil bayan kowane awo, ko da hakan zai ƙara cin batir.