Daga Tashar Zuba Zuwa Ramukan Kwal Na Inugu

Motocin da ke tashi daga Zuba zuwa Inugu da yawa sukan bi ta Gwagwalada da Lakwaja, su haye Kogin Kwara a gadar Itobe, su ratsa Ankpa. A nan yankin Okaba take, inda aka buɗe haƙar kwal lokacin yaƙin basasa, bayan ramukan Inugu sun fita daga hannun gwamnatin tarayya. Yawancin fasinjoji wucewa suke yi ba su sani ba.

Ita kuwa Inugu, kwal ne ya kafa ta. A 1909 wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano shi a tsaunukan Udi. Zuwa 1916 an shimfiɗa layin dogo har Fatakwal domin fitar da shi, leburori suka yi ta kwarara daga ko'ina, gari ya tashi. Mu 'yan Arewa muna da rabo a wannan tarihi, ko da ba mu cika tuna shi ba. Kwal ɗin Inugu ne ake zuba wa jiragen ƙasan da suka kwashi gyaɗar Kano zuwa bakin teku, kuma magajin garin Inugu na farko, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato.

Wanda ya isa garin, ya nemi a kai shi Iva Valley. A nan ne ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan mahaƙa masu neman haƙƙinsu na albashi, suka kashe mutum 21, suka jikkata 51. Kisan ya girgiza ƙasa, ya kuma ƙara wa masu neman 'yancin kai ƙaimi. Akwai mutum-mutumin tunawa da su a cikin gari, amma bakin ramukan Iva da Onyeama ciyawa ta rufe, ruwa ya cika wasu, ƙarafa sun yi tsatsa. Abin na ci mini rai ƙwarai. A Ingila da Jamus an mai da irin waɗannan wurare gidajen tarihi, ana kai ɗalibai su ga fitilar da mahaƙi ke ɗaurawa a goshi da taragon da yake turawa cikin duhu.

Durƙushewar harkar kwal ta zo ne lokacin da jirgin ƙasa ya koma amfani da dizal, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, yaƙi kuma ya ƙarasa sauran. Unguwar leburori ta dā, Coal Camp, yau wurin makanikai ce da masu sayar da kayan gyaran mota, kamar dai kasuwar Zuba.

Mai niyyar zuwa ganin ramukan ya samu ɗan gari ya yi masa jagora, ya tsaya daga waje. Tsohon rami kan tara iska mai guba, rufinsa kuma na iya ruftawa ba zato.