Sarƙa ko Bel: Me Ke Cin Baburan Shanga?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, mai babur a ƙasar Yauri ba ya raina duk wata dabarar da aka ce za ta rage masa kashe kuɗi. Cikin dabarun da bidiyon Facebook da TikTok ke yaɗawa akwai wadda ta fi ɗaukar ido: bakanike a Turai ya kwance tsohon babur, ya cire sarƙa, ya ɗora bel mai haƙora, ya sauya kuloci, inji ya tashi ba ƙara ba yoyon mai. Ɗan kabu-kabun da sarƙa ke zame masa tsakanin Shanga da Yelwa, kulocinsa kuma ba ya daɗewa, yana ganin wannan sai ya ce ai ga maganin ciwonsa. Ba shi ba ne. Abin da ya gani gyara ne na wata cuta da baburinsa ba ya fama da ita, ita kuwa cutar da ke cin kuɗinsa tana cikin kwalbar man da yake zubawa da murfin sarƙar da ya cire ya yar.

Baburan da ake wa wannan aiki galibi tsofaffin ƙirar Ingila ne, irin su Triumph da Norton da BSA na shekarun 1950 da 1960. Sarƙa biyu ke gare su. Ɗaya ita ce wadda kowa ya sani, mai juya tayar baya. Ɗayar tana ɓoye cikin wani akwati a gefen inji, tana ɗaukar ƙarfi daga inji zuwa kuloci, kuma akwatin nan ya yi ƙaurin suna wajen yoyon mai. Ita wannan ta cikin ce masu tara tsofaffin babura ke musanyawa da bel, sau da yawa tare da kulocin da ke aiki a bushe. To Boxer da Jincheng da Haojue da duk dangin Honda CG ba su da sarƙa a wannan gurbi. Haƙoran giya ne ke haɗa inji da kuloci kai tsaye, kulocin kuma yana wanka cikin man inji. Babu abin cirewa, balle a sa wani a madadinsa.

Saura sarƙar baya, kuma a nan masu son bel suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Bel ba ya buƙatar mai, ba ya ƙara, kuma a kan kwalta mai tsabta yana iya daɗewa fiye da sarƙa nesa ba kusa ba. Kamfanin Harley-Davidson na Amurka ya fito da shi a baburinsa mai suna Sturgis a 1980, har yau kuma yana amfani da shi. Sai dai a tuna baburan farko, wajen shekarar 1900, da bel ɗin fata suke tafiya, aka bar shi aka koma sarƙa saboda yana sulɓewa da zarar ya jiƙe. Na yanzu ya fi ƙarfi, amma yana da abokan gaba biyu, tsakuwa da yashi. Tsakuwa ɗaya idan ta maƙale tsakanin bel da fuli tana iya huda shi, yashi kuma yana cinye haƙoran fulin a hankali. Duk wanda ya san hanyoyin da suka rabu da titin Yauri zuwa Koko suka gangara tungayen bakin ruwa ya san abin da ke ƙarƙashin taya: rairayi da rani, taɓo da damina, da laka mai kauri a inda tafkin Kainji ya ja baya. Sannan bel zobe ne guda, ba shi da mahaɗi. Sarƙa in ta tsinke a Ngaski ko Wara, bakanike zai haɗa ta da guduma da ɗan makulli a ci gaba da tafiya. Bel in ya tsinke sai sabo, mai daidai tsawo da daidai haƙora, kuma a yawancin babura sai an kwance ƙarfen da ke riƙe da tayar baya kafin a zura shi.

Wani zai ce makanikanmu ba su gaza ba, kuma ga baburan mata na zamani da bel suke tafiya. Gaskiya ne, amma nasu bel ɗin a kulle yake cikin akwati, an ƙera babur ɗin ne tun farko a kansa. Dabarar bakanike kuwa ba a musa ta, sai dai fulin da ya kauce da ɗan kaɗan zai riƙa tura bel gefe har ya yage bakinsa, kuma walda ba ta ba da irin wannan saiti.

Abin takaicin shi ne masu ƙera baburan da muke hawa sun riga sun yi tunanin hanya irin tamu. Honda ta fito da CG125 a 1975 bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake lafta wa babur kaya ana kuma jinkirin canza mai, shi ya sa suka yi injin mai haƙuri. Irin wannan tunani ne ya sa Boxer ke zuwa da murfin da ya rufe sarƙa ruf. Amma a duba baburan da ke jiran fasinja a Yelwa a ga nawa ne murfinsu ke nan. Da ya fara kwaramniya sai a cire shi maimakon a ɗaure noti, sannan a kwarara wa sarƙar baƙin man da aka juye daga inji. Baƙin mai da yashi in suka haɗu, dutsen wasa wuƙa ne aka ɗaura wa sarƙa, yana goga ta a kowane juyi. In ta miƙe sai a sayi sabuwa a ɗora kan tsofaffin haƙoran da suka riga suka lanƙwashe, su kuma su cinye ta cikin ɗan lokaci. Ga ɗaure ta tamau, alhali tana buƙatar sassauci kamar faɗin yatsu biyu, don idan aka ɗora buhun shinkafa ko albasa babur ya zauna, sai ta ƙara tsukewa.

Labarin kuloci ya fi wannan ban haushi, domin ana sauya shi ba tare da tambayar me ya kashe na farko ba. Tunda cikin man inji yake aiki, irin man da aka zuba shi ke yanke masa kwana. Wasu mayukan mota ana sa musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, wannan santsi kuwa shi ke hana faifayen kuloci kama juna, inji na kuka babur ba ya ja. Saboda haka ne Japan ta kafa ma'aunin JASO a 1998: MA na kulocin da ke cikin mai, MB na baburan da nasu ke bushe. Rubutun yana bayan gora ga mai dubawa. Wanda ya sayi mai na awo a kwalbar ruwa ba shi da abin dubawa. Bayan mai sai wayar kuloci da aka ja har hannun ba shi da ɗan wasa, wanda ke barin kuloci a rabin kamu duk tsawon tafiya, da ɗabi'ar riƙe shi rabi-rabi ana hawan gangare da kwandunan kifi da mutum uku. In an zo gyara kuma, a sauya faifayen da ke cinyewa kawai, a bar na ƙarfe ko da zafi ya mayar da su shuɗi ya karkata su, a cusa wosha a ƙarƙashin sifirin da ya gaji, sabbin faifayen ma ba a jiƙa su cikin mai kafin a ɗaura ba.

Za a ce mai kyau da kaya na asali sun yi tsada, mai neman na cefane ba ya iya su. Tsadar gaskiya ce, amma wanda ya sauya kuloci sau biyu a inda ɗaya ya isa ya biya kuɗin man kirki har da ƙari, ban da ranakun da babur ya yini a gareji. Inda uzurinsa ke da ƙarfi shi ne ko ya biya kuɗin na asali ba shi da tabbacin abin da ke cikin gorar ko kwalin. Wannan aikin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ne, kuma ya kamata sawunta ya riƙa isa shagunan kayan babur na ƙananan garuruwa, ba manyan birane kaɗai ba. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da ke karɓar kuɗin tikiti kullum su ma za su iya haɗa kai su sayi mai daga dila guda da aka tabbatar da shi, su raba wa 'ya'yansu a kan sari.