Ƙwarin da ke shan jinin kifin teku: abin da ya sa magani kaɗai ba ya wadatarwa a tankin killacewa

Kifi mai launi da ake gani yana iyo cikin tankin gilashi a otal ko ofis ya yi doguwar tafiya kafin ya iso. Mafi yawan kifayen ado na ruwan gishiri ana kamo su ne daga teku, musamman a gaɓar Indonesiya da Filifin, a zuba su cikin leda mai iska, a ɗora su a jirgin sama. Wani bincike da Andrew Rhyne da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna cewa cikin shekara guda an shigar da kifaye fiye da miliyan 11, nau'i 1,802, zuwa Amurka kaɗai. Kifin da aka ɗauko daga teku kuwa yakan zo da abin da ke manne a jikinsa, kuma cikin mafi wuyar sha'ani akwai ƙwarin da masana ke kira isofod.

Mene ne isofod?

Dangin kaguwa da jatan lande ne. Jikinsa a baje yake, mai gaɓa-gaɓa, da ƙafafu bakwai a kowane ɓangare. An san nau'i kusan 10,000, kuma galibinsu ba sa cutar da kowa. Wasu ma tsaftace tanki suke yi ta hanyar cin ragowar abinci. Waɗanda ke addabar kifi sun kasu manyan gida uku, kuma sanin gidan da ƙwaro ya fito shi ke nuna hanyar yaƙar sa.

Gida na farko su ne Cymothoidae, masu zaman dindindin a jikin kifi. Suna kafa farata a fata, ko a kafar numfashi da ke gefen kai, ko cikin baki. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Cymothoa exigua na mashigin tekun Kalifoniya: yana shiga ta kafar numfashi, ya manne wa harshen kifi, ya yi ta shan jini har harshen ya motse, sannan ya zauna a gurbinsa. 'Yan wannan gida kowannensu yakan fara rayuwa a matsayin namiji, daga baya ya rikiɗe ya zama mace. Macen tana renon ƙwai a wata jaka da ke ƙarƙashin cikinta, ta saki 'ya'ya masu iyo waɗanda ke neman kifi nan take. Ba sa buƙatar wata dabba a tsakani, don haka mace guda mai ɗauke da ƙwai ta isa ta cika tanki.

Gida na biyu su ne Gnathiidae, waɗanda ɗabi'arsu ta yi kama da ta kaska. 'Ya'yansu ne kawai ke shan jini. Sukan hau kifi, galibi da dare ko da asuba, su ƙoshi, su sauka su ɓuya cikin yashi ko kogon dutse, su yi saɓa, sannan su dawo. Sau uku suke yin haka kafin su balaga, kuma idan sun balaga ba sa ƙara cin komai. A 2012 aka raɗa wa wani nau'insu na tekun Karebiyan suna Gnathia marleyi don tunawa da mawaƙi Bob Marley.

Gida na uku su ne Cirolanidae, masu manyan idanu da saurin iyo. Da yawansu mushe suke ci, amma wasu na far wa kifi yana barci, su yagi nama su gudu. Sau da yawa ba a jikin kifi suke shigowa ba, cikin duwatsun murjani da ake ƙawata tanki da su suke ɓuya.

Inda ake yin kuskure

Masu kiwo sun saba da magunguna biyu a lokacin killacewa: sinadarin jan ƙarfe, wanda ke kashe ƙananan halittun da ke haddasa farin ɗigo a fatar kifi, da praziquantel, wanda ke kashe tsutsotsi. Ba a dogara da ko ɗaya daga cikinsu wajen kawar da isofod, domin halittarsa daban ce kuma ɓawon jikinsa na kare shi. Mutum zai iya kammala zagayen magani, ya duba kifi da rana ya gan shi fes, ya saka shi cikin babban tanki, alhali ƙwarin na kwance a ƙasa suna jiran dare.

Ɓarnar kuwa ba ta tsaya ga shan jini ba. Ƙaramin kifi na iya mutuwa saboda ƙarancin jini, babba kuma ya daina cin abinci, ya riƙa goga jiki da duwatsu. Raunin da ƙwaron ya bari ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta irin su Vibrio, waɗanda kan ƙarasa abin da ya fara.

Matakan da ke aiki

Na farko, tankin killacewa ya kasance babu yashi babu dutse, sai guntayen bututun roba da kifi zai fake a ciki, waɗanda za a iya cirewa a wanke. Idan babu maɓoya, ƙwaron da ya sauka zai fito fili a zuƙe shi da tiyo.

Na biyu, a riƙa dubawa da dare, sa'o'i kaɗan bayan kashe fitila, da tocila mai jan haske.

Na uku, babban ƙwaro da ke manne ana cire shi da hantsaki, a hankali, kifin na cikin jiƙaƙƙen kyalle, domin fizga da ƙarfi na yage fata. Wanda ke cikin baki ko kafar numfashi aikin likitan dabbobi ne, wanda zai fara sa wa kifin maganin sa barci.

Na huɗu, tsoma kifi cikin ruwa marar gishiri na minti uku zuwa biyar kan sa ƙananan ƙwari su saki. Sharaɗi ne ɗumin ruwan da ma'aunin tsaminsa su yi daidai da na tanki, kuma a cire kifin da zarar ya fara galabaita.

Na biyar, masu yawon dare ana kama su da tarko: kwalba mai ƙaramin baki da guntun jatan lande a ciki, a ajiye da dare, a ɗauke kafin gari ya waye, a maimaita har a daina samu.

Akwai magunguna masu ƙarfi, irin su trichlorfon da diflubenzuron, wanda ke hana ƙwaro yin sabon ɓawo bayan saɓa. Amma suna kashe kaguwa da jatan lande, na farkon kuma guba ne ga mutum, don haka ba a amfani da su sai da umarnin likita. Dukkan matakan nan suna buƙatar lokaci: mako huɗu zuwa shida, kuma idan an ga sabon ƙwaro a sake lissafi daga farko. Duwatsu da murjani su ma a killace su a tankin da babu kifi.

A teku akwai mai wannan aiki. Alexandra Grutter, mai bincike a Ostareliya, ta gano cewa ɗan ƙaramin kifin nan Labroides dimidiatus na cinye ƙwari kimanin 1,200 a rana daga jikin sauran kifaye, galibinsu 'ya'yan Gnathiidae. Kifin da aka raba da teku an raba shi da wannan kariya.

Abin da ya shafi kowa

Matsalar ta wuce ɗakin masu sha'awar kifi. A Kuroshiya da Girka, Ceratothoa oestroides ya daɗe yana kashe ƙananan kifayen da ake kiwo a keji cikin Bahar Rum, yana kuma tauye girman waɗanda suka tsira. Abin da ya fita daga tanki zuwa teku kuwa da wuya a dawo da shi. A 1985 aka fara ganin kifin zaki, ɗan asalin tekun Indiya da Pasifik, a gaɓar Florida, kuma masana na danganta zuwansa da masu tankin ado; yau ya mamaye Karebiyan.

Saboda haka ruwan tankin killacewa ba a zubar da shi inda zai kai ga teku sai an kashe abin da ke ciki da sinadarin bilic, kuma kifin da aka gaji da shi ba a sake shi a ruwa. A Najeriya, Hukumar Killace Kayan Gona ta NAQS ce ke da alhakin duba halittun ruwa da ke shiga da fita. Sai dai duban sa'a guda a filin jirgi ba zai gano ƙwaron da ke fitowa da tsakar dare ba. Tambayar da ta kamata a yi wa kowane mai shigo da kifi ita ce: kwana nawa ya killace shi, kuma wa ya tabbatar?