Gaisuwar Kirsimeti da Jakar Makaranta: Yadda Muke Yi a Kuchigoro

Duk shekara, da zarar Disamba ta raba tsakiya, tambaya ɗaya ce ke cika wayoyinmu: ya halatta Musulmi ya ce wa Kirista barka da Kirsimeti? Wannan ya turo guntun wa'azi, wancan ya turo raddi, kafin ka ankara 'yan uwa ciki ɗaya sun fara jifan juna da kalmar kafirci a zauren WhatsApp na dangi. Masu kallon ƙwallo kuma suna dakon Mohamed Salah ya saka hotonsa da iyalinsa a gindin bishiyar Kirsimeti kamar yadda ya saba, a yi masa caa. Bayan mako biyu ƙura ta lafa, sai kuma baɗi.

Ni malamin firamare ne a wata ƙaramar makarantar kuɗi, kuma a Kuchigoro nake haya. Ga wanda bai san wurin ba, unguwa ce a gefen babban titin filin jirgin saman Abuja, wanda aka raɗa wa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, ba nisa da ƙofar shiga birni da babban filin wasa na ƙasa. Garin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna nan tun kafin gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976. Da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a Disamban 1991, kuɗin haya a Wuse da Garki da Maitama ya fi ƙarfin talaka, sai direbobi da magina da masu gadi da ƙananan ma'aikata suka yi ta gangarowa irin waɗannan unguwanni. A gidan haya ɗaya za ka samu Bahaushe, da Ibo, da Tibi, da Bayarabe, da mutumin Kudancin Kaduna. Igiyar shanya ɗaya, banɗaki na layi, mai ruwa ɗaya ke turo mana kura. Kiran sallar Asuba na tashin kowa, gangar cocin da ke bayan gida ma ba ta bar kowa ya yi barcin safiyar Lahadi ba.

A gidan da nake, matar mai gidan dattijuwa ce Gbagyi, Kirista, duk muna ce mata Mama. Jajibirin Kirsimeti takan aiko jikanta ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, in fito in tarar da ita riƙe da kaji an ɗaure musu ƙafa. "Malam, zo ka yanka mana, don yaranka su samu su ci." Ta san ba ma cin yankan da ba mu natsu da shi ba, kuma ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin raini ba, gyara hanyar kawai ta yi tun daga wuƙa. Washegari kwanukan shinkafa su zaga ɗakuna. Ranar Babbar Sallah kuma ledar naman layya ta bi ta wannan hanyar ta koma.

To ina matsayin malaman addini kan gaisuwar Kirsimeti? Waɗanda suka hana ba daga sama suka tsinto maganar ba. Mafi yawan hujjarsu tana komawa ga Ibnul Ƙayyim, almajirin Ibnu Taimiyya, wanda a littafinsa Ahkamu Ahliz Zimma ya raba abu biyu: taya wanda ba Musulmi ba murnar aure ko haihuwa ko samun lafiya daban, taya shi murnar bikin addininsa daban. Na biyun ya haramta shi, don a ganinsa tamkar amincewa ne da aƙidar da bikin ya tsayu a kanta. Shehu Ibnu Usaimin na Saudiyya ya bi wannan fahimta, kuma fatawarsa ce ta fi yawo a wayoyin Arewa. Masu halattawa su ma ba ƙananan malamai ba ne. Akwai Hukumar Fatawa ta Masar, akwai marigayi Shehu Yusuf Ƙardawi, akwai Shehun Azhar, Ahmad Ɗayyib, wanda da ƙafarsa yake zuwa wurin shugaban Kiristocin Kibɗawa, Tawadros na Biyu, ya yi masa barka da biki. Su suna kafa hujja da aya ta 8 a Suratul Mumtahana, wadda ba ta hana kyautata wa wanda bai yaƙe ka ba kuma bai kore ka daga gidanka ba, da kuma umarnin mayar da gaisuwa da ke cikin Suratun Nisa'i. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar na Uku yakan aika wa Kiristoci saƙon fatan alheri, kuma shi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN ke jagorantar majalisar tuntuɓa ta addinai, NIREC, da aka kafa a 1999. A Sabon Tasha ta Kaduna, Fasto Yohanna Buru ya yi suna da yadda Musulmi ke cika cocinsa ranar Kirsimeti, shi kuma ya je musu Maulidi.

Abin da mutanenmu ba su cika sani ba shi ne, a ɓangaren Kiristoci ma akwai irin wannan taka-tsantsan. Akwai waɗanda ba sa cin naman layya, suna ganin yanka ne na ibadar da ba tasu ba, suna jingina da wasiƙar Bulus ga Korantiyawa. Akwai kuma waɗanda Kirsimetin ma ba sa yi: Shaidun Jehobah ba ruwansu da ita, Fasto William Kumuyi na cocin Deeper Life ya faɗa a fili cewa su ba sa bikinta. Mu ma ai ba sai an je da nisa ba. Ka ce wa ɗan Izala barka da Maulidi ka ga kallon da zai yi maka.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya kame bakinsa don tsoron kada ya taɓa aƙidarsa, ban ga laifinsa ba, kuma bai kamata a kira shi mai tsattsauran ra'ayi a kan wannan kaɗai ba. Akwai wani tela a layinmu, mai riƙo ne da fatawar hani, bai taɓa furta barka da Kirsimeti ba. Amma da safiyar Kirsimeti zai leƙo ya russuna ya ce, "Mama, ina gajiya? Yaya hidima da baƙi? Allah ya ba mu zaman lafiya." Ita kuma ta sa masa albarka. Kayan bikin jikokinta ma shi ya kwana yana ɗinkawa. Bai saɓa wa malaminsa ba, bai kuma ɓata wa maƙwabciyarsa ba. Wanda ba na ga maciji da shi shi ne mai mayar da kamewa ta zama cin mutunci: a kawo maka abinci ka zubar a kwata a gaban yaron da aka aiko, ko ka hau Facebook kana yanke wa duk wanda ya yi gaisuwa hukuncin fita daga Musulunci, a kan mas'alar da manyan malamai suka saɓa a kanta. Haka shi ma Kiristan da ke auna Musulmi da kalma ɗaya, in bai faɗa ba ya zama ɗan Boko Haram, zalunci yake yi.

Mu a wannan yanki mun san inda zafin baki ke kai mutane. Ranar Kirsimeti ta 2011 aka tayar da bam a cocin Katolika na Saint Theresa da ke Madalla, kusa da Suleja, gomman mutane suka mutu suna fitowa daga ibada. Kuma ga sansanin 'yan gudun hijira na Sabuwar Kuchigoro nan kusa da mu, wajen Games Village, inda mutanen Gwoza ta jihar Borno suka sauka tun 2014, shekarar da Boko Haram ta kama garinsu. Waɗanda suka koro su ba su tsaya tambayar wa ya gai da wa ba. Sun kashe Kirista, sun kashe Musulmi, Sarkin Gwoza Idrissa Timta ma a hannunsu ya rasu a watan Mayun shekarar.

Rigimar littattafan yara kuwa ta fi shafata, don a ajina take faɗowa. A watan Oktoban 2023 aka wayi gari da saƙonnin murya suna yawo cewa akwai wani ɗan littafin koyon Turanci, Queen Primer, da ke koya wa yara luwaɗi. Gwamnatin Kano ta haramta shi tare da wasu littattafai, hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta kwashe kwafe fiye da dubu daga kasuwa, a Majalisar Wakilai kuma Sulaiman Abubakar Gumi daga Zamfara ya kawo ƙudurin a hana shi a ƙasa baki ɗaya, aka amince. Abin ban sha'awa, wannan ne karon da na ga iyaye Musulmi da Kirista sun zo ofishin hedimasta kafaɗa da kafaɗa, bakinsu ɗaya.

Wani dattijo mai gadi ya same ni a bakin aji, ya zaro littafin daga aljihun babbar rigarsa, hannunsa har rawa yake. "Malam, ashe abin da kuke koya wa 'ya'yanmu ke nan?" Na ce, "Baba, zauna mu duba tare." Ba ya karanta Turanci, a waya ya ji. Muka buɗe shafin. Kalmar da ake magana a kanta ita ce gay, tana jere da 'yan uwanta masu amo ɗaya irin su day da hay da play, don yaro ya saba da haɗa baƙi. Littafin kamfanin Thomas Nelson ne na Birtaniya, tun ƙarni na 19, kuma a wancan zamani ma'anar kalmar farin ciki da walwala. Daga baya ne Turawa suka ɗora mata ma'anar da ake ƙyama. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "To amma in yaron ya girma ya ji ɗayar ma'anar fa?" Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce hujjar da ta kamata a kafa tun farko. In za a ajiye littafin, a ajiye shi don ya tsufa, ma'anar kalma ta sauya, hotunansa da misalansa na ƙauyen Ingila ne da yaron Kuchigoro bai taɓa gani ba. Amma a ce makirci ne aka kitsa jiya, alhali iyayen wasu 'yan majalisar da shi suka koyi karatu, wannan ba gaskiya ba ne.

Ba ina cewa tsoron iyaye na banza ba ne. A Amurka akwai littattafan yara da aka rubuta da gangan don nuna auren jinsi a matsayin abin da ba komai. Ɗaya daga cikinsu, And Tango Makes Three na 2005, labarin wasu tsuntsayen ƙanƙara maza biyu da suka reni ɗan tsako, ya shekara da shekaru a sahun littattafan da iyayen can suka fi kai ƙara a kansu. A Najeriya dokar hana auren jinsi tana nan tun Janairun 2014, kuma uba yana da haƙƙin sanin abin da ake zuba wa ɗansa a kai. Sai dai mu mun saba hukunci kafin karatu. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan soyayya na Hausa a Kano, rubutun bai tsaya ba, ya ma koma waya inda babu mai tacewa. A 2017 an yi ta kai ruwa rana kan manhajar da ta cusa darasin addinin Kirista da na Musulunci ƙarƙashin inuwa ɗaya, kowane ɓangare na zargin an yi ne don a danne shi, har gwamnati ta raba su. A 2022 Ministan Ilimi Adamu Adamu ya umarci hukumar tsara manhaja, NERDC, ta cire darasin jima'i. Duk waɗannan an yi su ne a sama, iyaye na ƙasa sai dai su ji a rediyo.

Abin da ke tayar da ƙura a makarantu irin tamu kuwa bai kai wannan girma ba, kuma ba ya shiga jarida. Bikin ƙarshen zango ne na Disamba da ake karɓar kuɗinsa daga kowa amma a sa masa sunan Kirsimeti, a kawo mai jar hular Kirsimeti yana raba alewa. Addu'ar taron safe ce da ake yi da sigar addini ɗaya alhali rabin layin na ɗaya addinin ne. Littafin labarai ne da mai makaranta ya sayo da araha daga wata majami'a, ko makarantar Musulmi da ta sa ɗiyar Kirista haddar da ubanta bai sani ba. Mu da muka zauna da iyaye, cikin awa guda aka daidaita: bikin ya koma bikin rufe makaranta, addu'a ɗaya daga nan ɗaya daga can, darasin addini kowa ya tafi ajinsa. Ba wanda ya bar addininsa, ba wanda ya cire ɗansa.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai fiye da duk wannan. Muna faɗa a kan shafi ɗaya na littafi ɗaya, alhali a ajina yara uku ke leƙen littafi guda, na sansanin Gwoza ma wasunsu allon bango kaɗai suka sani. Mu da muka taso da Ka Koyi Karatu da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam mun san daɗin yaro ya karanta labarin da ya yi kama da gidansu. Wa ke rubuta wa yaran yanzu irin wannan? Masu kuɗinmu da suka fi kowa ɗaga murya a Oktoban 2023, nawa ne suka ɗauki nauyin buga littafin da zai maye gurbin wanda aka kwashe?

Saboda haka, iyaye, idan an koma makaranta a Janairu, ku nemi jerin littattafan zangon tun kafin ku biya kuɗi. Ku buɗe jakar yaro ku karanta da kanku; wanda ba ya karanta Turanci ya sami wanda ya yarda da shi ya karanta masa shafin gaba ɗaya, ba layi ɗaya da aka ɗauka a hoto ba. Ku tambayi mai makaranta ko hukumar ilimi ta amince da littafin. In kun ga abin da bai dace ba, ku zo taron iyaye da malamai ku faɗa a gaban kowa, ku kuma taho da maƙwabcinku na ɗaya addinin, don ɗansa ma a bencin nan yake zaune.