Tsohon ƙarfe mai araha: gubar da ido ba ya gani

Yau za mu tattauna a kan tsofaffin ƙarafa, irin waɗanda manyan motoci ke saukowa da su daga arewa, maƙera su saya su yi murhu da kasko da ƙofa, mu kuma mu kasa a rumfa. Mafi yawansu lafiya lau suke. Amma ƙasarmu ƙasar uraniyum ce, saboda haka akwai abin da ya kamata mai saye da mai sayarwa su sani.

An fara haƙar uraniyum a Arlit a 1971, a mahaƙar Somaïr. Ta Cominak da ke Akokan ta fara a 1978, aka rufe ta a watan Maris na 2021. A watan Disamba na 2003, masu bincike na CRIIRAD, wata ƙungiya mai zaman kanta ta ƙasar Faransa, sun je Arlit, suka tarar da tsofaffin ƙarafa masu tururin nukiliya a kasuwar garin. A watan Nuwamba na 2009, ƙungiyar Greenpeace ta je, ita ma ta tarar da irinsu. To mene ne wannan tururi, kuma yaya yake ɓarna?

Ƙwayar da takarda ke tarewa

Uraniyum da ƴaƴansa, wato radiyum da iskar radon, suna farfashewa da kansu sannu a hankali. Duk lokacin da ƙwayar zarra ɗaya ta fashe, sai ta harba wani ɗan tartsatsi. Masana sun raba tartsatsin nan iri uku: alfa, beta da gama. Gama kamar haske yake, yana ratsa jiki da katako, sai dalma ko kankare mai kauri ke rage shi. Beta kuwa farantin ƙarfe na iya tare shi. Alfa ita ce mai nauyi a cikinsu, tana ɗauke da cajin lantarki, tana fita da gudun kilomita wajen 15,000 a daƙiƙa guda. Duk da wannan gudu, a cikin iska ba ta wuce tsawon yatsa. Takarda ɗaya tal tana tsayar da ita. Matacciyar fatar da ke saman jikinmu ma ta ishe ta.

Mai karatu zai ce ashe abin ba komai ba ne. A nan gizo ke saƙa.

Mu ɗauki misali da kasuwar Maraɗi ranar cin kasuwa. Amalanke ce maƙare da siminti ta kuɓuce wa mai ita, ta faɗa cikin layin masu tumatir. Ba za ta yi nisa ba, domin kowane tebur da ta buga yana rage mata gudu. Amma ƙarfin da ta rasa ina ya tafi? Yana jikin teburan da ta karya. Haka alfa take yi idan ta shiga cikin abu, ko ƙarfe ne, ko roba, ko nama. Tana fizge ƙananan ƙwayoyin lantarki daga duk abin da ta gifta, sama da sau 100,000 kafin ta tsaya. Kuma da gudunta ke raguwa, sai ta ƙara daɗewa kusa da kowace ƙwaya, ɓarnar ta ƙaru. Mafi munin ɓarna tana daf da inda za ta tsaya. Wani masani ɗan Ingila, William Henry Bragg, shi ya gano haka a garin Adelaide na Ostareliya wajen 1904, har yau da sunansa ake kiran wannan wuri.

Ɓarnar ba labari ba ce, ana ganinta. Masu auna radon sukan ajiye wata ƴar roba a ɗaki na wasu watanni. Kowace alfa da ta shige ta tana barin tabo. Sai a jiƙa robar cikin ruwan soda mai ƙarfi, tabon ya buɗe, a ƙirga ramukan da madubin likita. Yawan ramuka shi ne yawan gubar ɗakin.

Idan ta shiga ciki

Yanzu a ce ba roba ba ce, huhun mutum ne. A can ciki babu takarda, babu matacciyar fata. Alfa tana tafiyar da ba ta kai kaurin gashin kai ba, ta sauke dukan ƙarfinta a kan ƙwayoyin halitta kaɗan, ta tsinka zaren gado da ke cikinsu. Wasu su mutu, wasu su gyaru, wasu kuma su gyaru a karkace. Daga irin waɗannan ne ciwon daji kan taso bayan shekaru. Shi ya sa masana kariya daga tururi ke lissafa ɓarnar alfa a jiki ninki 20 ta gama, idan ƙarfin da suka sauke ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba, radon na cikin manyan abubuwan da ke kawo ciwon daji na huhu, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai shan taba.

Ke nan hanyar cutar ita ce hanci da baki: ƙura, ruwan sha, abinci. Bututun da ya yi aiki a masana'antar tace uraniyum yakan tara wani ɓawo a cikinsa mai ɗauke da radiyum. Maƙeri ya kankare, ya goge, ya shaƙi ƙurar. Uwargida ta zuba ruwa ko hatsi a ganga irin wannan. Kuma ɓawon yana fitar da gama, saboda haka kwana kusa da shi ma ba alheri ba ne. Ba shi da wari, ba shi da launi na daban. Tafasawa ba ta kashe shi, wutar maƙera ba ta kashe shi. Radiyum sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare.

Abin da ke hannunmu

Ba mu ce a bar sana'a ba, kuma ba mu ce duk ƙarfen da ya fito daga arewa guba ne ba. Abin da muke cewa shi ne a tambayi asalin kaya kafin a biya. Bututu, ganga, famfo ko ƙyallen tata da suka fito daga wurin haƙar ma'adini, kada a saya sai an auna su da na'ura, domin ido da hannu ba sa ganewa. Kada a zuba abin ci ko abin sha a cikinsu. Kada a yi gini ko cikon tsakar gida da duwatsu da ƙasar da aka fitar daga mahaƙa. A riƙa buɗe tagogi, domin radon a rufaffen ɗaki take taruwa. Wanda ya ga ƙarfe mai alamar fukafukai uku baƙaƙe a kan rawaya, kada ya fasa, kada ya kai gida. Ya nisanta yara, ya sanar da hukuma. A garin Goyaniya na Barazil, a 1987, masu tsintar ƙarfe sun fasa tsohuwar na'urar asibiti, mutum huɗu suka rasu, har da yarinya ƴar shekara shida.

Shugabannin ƴan kasuwa da na maƙera suna da bakin magana. Su nemi hukumar kula da harkar nukiliya ta ƙasa ta riƙa zagayawa kasuwannin ƙarafa da na'urar awo, daga Arlit da Agadas har Tawa, Damagaram, Maraɗi da Yamai. Awon ba ya ɗaukar lokaci, kuma kariya ce ga mai kaya kansa.

Abin mamaki, wannan hali na sauke ƙarfi a ƙarshen tafiya shi ne likitoci a wasu ƙasashe ke amfani da shi: su saita irin waɗannan ƙwayoyi su tsaya daidai cikin ƙarin ciwon daji, naman da ke bayansa ya tsira. Wuƙa ɗaya ce, bambancin hannun da ya riƙe ta. Mu dai a kasuwa, araha ba ta ado idan lafiyar iyali za ta biya kuɗin. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kare mu da zuriyarmu.