Ciwon Baya: Inda Tausa Ke Amfani da Inda Take Cutarwa

Manoman shinkafa a fadamun Nguru, da masuntan Gashuwa, da 'yan dakon kasuwa, duk sun san ciwon baya. Yawancinsa gajiyar tsoka ce saboda yawan sunkuyo da ɗaukar kaya, kuma yakan lafa cikin 'yan makonni. Tausa a hankali, da gashi da ruwan ɗumi, da ci gaba da motsa jiki suna rage shi. Doguwar kwanciya ba ta taimakawa.

Amma ba kowane ciwo ake sa wa hannu ba. Idan ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin babur, ko ya zo da zazzaɓi da rama, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya riƙa ƙwacewa, to, kada a yarda kowa ya murɗa bayan ko ya taka shi. Mai yiwuwa karaya ce, ko tarin fuka ne ya ci ƙashin baya, kuma danna guda tana iya gurgunta mutum har abada. Sai a gaggauta kai majiyyaci Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko asibitin gwamnati na Gashuwa, domin likita ya duba shi. Akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano don manyan larurori.

Ana kuma jan kunnen jama'a kan ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda wasu ke saye suna sha kullum kafin su tafi gona. Yawan shansu yana lalata ƙoda, ga shi kuwa ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar ƙasar Bade. Kada a wuce 'yan kwanaki ana shansu sai da izinin likita.