Ciwon hantsa: Cutar da ke cinye jarin matan Shehuri bayan akuya ta haihu

A unguwar Shehuri da ke daf da fadar Shehun Borno, a tsakiyar birnin Maiduguri, akuyar da ke ɗaure a turken tsakar gida ita ce asusun ajiyar mata da yawa. Wata biyar take ɗauke da ciki, kuma lissafin mai ita, daga kuɗin makarantar yara zuwa ɗinkin Sallah, ya rataya ne a kan 'ya'yan da za ta haifa. Ga gidan da ya yi asarar dabbobi a ambaliyar Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, akuyar da ta rage ba ta da madadi. Ciwon hantsa kuwa yana iya rushe wannan lissafi cikin kwana biyu ko uku.

Ƙwayoyin bakteriya ne ke haddasa shi, musamman wadda ake kira Staphylococcus aureus, kuma ta kan nono suke shiga. Bayan haihuwa hantsa na cike, garkuwar jikin uwar ta yi rauni, ga shi tana kwanciya a ƙasar da fitsari da kashi suka jiƙa. A gidajen tsohon gari, inda fili ya yi kaɗan, turke ɗaya kan shekara ba a sauya masa wuri ba. Ƙurajen bakin ɗan akuya da ƙazantar hannun mai tatsa su ma hanya ce.

Alamar farko takan bayyana a wajen shayarwa: uwar ta riƙa harbin ɗanta, shi kuma ya yini yana kuka. Idan aka taɓa, sai a ji ɓangare ɗaya na hantsar ya kumbura, ya yi tauri da zafi. Nonon ya tsinke kamar ruwa, ko ya fito da gudaji, wani lokaci da jini. Mafi muni shi ne fatar ta yi sanyi ta koma baƙi-baƙi, akuyar ta daina cin abinci. A nan naman hantsar ya fara mutuwa, kuma jinkirin yini guda na iya tafiya da ran dabbar.

Da zarar an ga alama, a ware akuyar a wuri busasshe, a gasa hantsar da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a tatse ɓangaren da ya kamu sau da yawa a rana, a zubar da nonon nesa da yara da dabbobi. Jaririn kuma a tabbatar ya sha dakashi a sa'o'insa na farko, ko daga ɗaya nonon ko daga wata akuyar da ta haihu. Daga nan sai likita. Jami'ar Maiduguri tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, inda za a iya auna nonon a gano ƙwayar da maganin da zai kashe ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen allura a kasuwa, a yi sau ɗaya, a daina da an ga sauƙi. Ƙwayar takan laɓe, ta dawo a haihuwa ta gaba, ta kuma koyi bijire wa magani. Haka nan ba a shan nonon dabbar da ke kan magani sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a nan sabulu ne da tsintsiya da busasshen yashi a ƙarƙashin turke. Sauran aikin na masu tsara manufofi ne a Abuja, musamman tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024. Duk shirin tallafin da zai raba wa mata awaki, ya kamata kasafinsa ya ƙunshi malamin dabbobin da zai leƙa su a makon farko na haihuwa. Ma'aikacin da ya aika kuɗi gida aka saya wa mahaifiyarsa akuya shi ma, idan ya kira ya ji ta haihu, bayan barka sai ya tambaya: yaya hantsar take?